Tsagaggen Sauti: Daga Memfis Zuwa Agadas, Ta Hanyar Sakkwato

A Ketare, lokacin da muke yara, biki bai kankama ba sai mai lasifika ya iso. Da la'asar yakan shigo a kan babur, amfilifaya ɗaure a bayansa, ga ƙahon lasifika biyu da za a rataya a reshen bedi, ɗaya na kallon gabas ɗaya na kallon kasuwa. Idan ya tayar da janareta ya ɗauki makirfo ya gaida jama'a, kalmar takan fita ta dawo sau uku ko huɗu, kowace dawowa da ɗan kaushi a gefenta kamar ana yaga sabon yadi. Mu a wurinmu wannan shi ne sautin biki. Babu wanda ya taɓa ce mana aibi ne.

Sai da na girma na fahimci cewa abubuwa biyun da yake sarrafawa da yatsunsa, wato amon da ke bin bayan murya da kaushin da ke tsaga ta, su ne abubuwan da makaɗan jita na duniya suka kwashe shekaru sama da saba'in suna nema, suna gardama a kansu, suna kashe maƙudan kuɗi don mallakarsu. Tarihin nasu ya ratsa Memfis da Landan da Legas, ya kuma ratsa Sakkwato, inda mafi yawanmu ba mu lura da wucewarsa ba.

Jita mai lantarki ba ta da murya tata ta kanta. Tsirkiyoyinta na ƙarfe ne, a ƙarƙashinsu akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar waya, kuma kaɗawar tsirkiya tana haifar da 'yar wutar da ko ƙwan tocila ba za ta kunna ba. Aikin amfilifaya shi ne ta ɗauki wannan 'yar wuta ta girmama ta har ta iya motsa lasifika. Kafin zuwan tiransisto, wanda aka ƙirƙira a ɗakin binciken Bell na Amurka a 1947, abin da ke yin wannan aiki wani ƙwai ne na gilashi mai kama da ƙwan fitila, irin wanda dattawa suka sani a cikin tsofaffin akwatunan rediyo da sai sun yi ɗumi kafin su yi magana. Ingilishi na kiransa bawul, Amurkawa na kiransa tub. John Ambrose Fleming ya fito da na farko a 1904, Lee de Forest ya ƙara masa wata 'yar raga a tsakiya a 1906, kuma ragar nan ita ce sirrin. A cikin ƙwan an zuƙe iska, an ɗumama ƙarfe ɗaya yana watsa wuta zuwa ga wani, raga kuma na tsaye a tsakaninsu kamar ƙofar magudanar ruwa a gonar rani: hannu ɗaya ya ɗaga ta kaɗan, ruwa mai yawa ya kwararo.

Kowace magudana tana da iyakar abin da za ta ɗauka. Idan aka nemi ƙwan ya ba da fiye da ƙarfinsa, sai saman igiyar sautin ya danne, wasu ƙananan muryoyi da babu su a asali su tsiro a gefensa. Injiniyoyi sun ɗauki wannan a matsayin cuta, suka yi ta neman maganinta. Abin da ba su yi lissafi da shi ba shi ne yadda ƙwai ke gajiya: a hankali yake rusunawa, yana lanƙwasa sautin maimakon ya datse shi, kamar sanƙiran da ya ɗaga murya har ta fara dushewa amma daɗinta ya ƙaru. Tiransisto na farko-farko kuwa yana nan garau har ya kai iyakarsa, daga nan sai ya yanke kamar da almakashi. Ga kuma wani abin da makaɗa ke so: idan aka saita amfilifaya mai ƙwai daidai bakin gajiyarta, taɓawa mai taushi na fita wasai, bugu mai ƙarfi kuma na fita a tsage. Yatsa ke yanke hukunci.

Yadda cutar ta zama ado labari ne na haɗurra. A watan Maris na 1951 ƙungiyar Ike Turner ta taso daga Misisipi zuwa situdiyon Sam Phillips a Memfis, amfilifayar makaɗin jitarsu Willie Kizart ta lalace a hanya. Aka cusa takarda a bayan lasifikar don ta riƙe, aka ɗauki waƙar Rocket 88 a haka, da kaushinta, ta kuma hau saman jerin waƙoƙin baƙaƙen fata na shekarar. Kusan shekaru goma bayan haka a Nashbil, wani layi a teburin haɗa sauti ya samu matsala ana tsakiyar ɗaukar waƙar Marty Robbins mai suna Don't Worry, jitar Grady Martin ta fito tana gurnani. Injiniyan wurin, Glenn Snoddy, ya zauna ya gina ɗan akwatin da zai riƙa maimaita wannan lalacewa da gangan, kamfanin Gibson ya fitar da shi a 1962 da sunan Maestro Fuzz-Tone. Kasuwarsa ta yi ta tafiyar hawainiya sai da Keith Richards ya taka shi a waƙar Satisfaction a 1965. A Landan kuwa Dave Davies na ƙungiyar Kinks bai jira kamfani ba: reza ya sa ya tsattsaga lasifikarsa a 1964.

Daga nan aka samu feda, ɗan akwatin ƙarfe da ake ajiyewa a ƙasa tsakanin jita da amfilifaya, ana taka shi da ƙafa saboda hannuwa biyu na kan aiki. Matsalar da ta haife ta mai sauƙi ce. Tsofaffin amfilifayoyi maɓallin ƙara guda ne, ba sa tsagewa sai an murɗe su har tagogi na rawa, kuma ba kowane ɗaki ne zai ɗauki haka ba. Japanawa ne suka kawo mafita mai laushi: Boss OD-1 a 1977, sai koriyar nan Ibanez Tube Screamer a 1979. Ita wannan feda, wadda suke kira obadaraif, aiki biyu take yi. Tana kwaikwayon gajiyar ƙwai da kanta, kuma tana iya ƙara wa wutar jita ƙarfi ta tura ƙwan gaske ya gaji da wuri. Yau ana sayar da tsofaffin na farko a kan ɗaruruwan daloli, wani lokaci fiye.

Amo kuwa tarihinsa daban. A nan ya kamata a raba abu biyu da mu muke haɗawa a kalma ɗaya, eko. Akwai amsa-kuwwa, wadda kake ji idan ka yi kira a gaban dutse: kalmarka ta dawo cikakkiya, kana iya ƙirga ta. Akwai kuma abin da ke faruwa idan ka yi sallama a cikin soro mai ɗaurin guga wanda babu tabarma ko kaya a cikinsa, inda muryar ke dukan bango da rufi da ƙasa sau dubbai, dawowar ta haɗu ta zama jela guda mai narkewa a hankali. Wannan na biyu shi ne ribab, ni kuwa zan kira shi amon ɗaki. Magina sun san shi tun kafin lantarki. Wanda ya taɓa tsayawa a ƙarƙashin bakunan tsohon masallacin Juma'a na Zariya, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu na ƙarni na 19, ya san yadda gini ke ɗaukar karatu ya faɗaɗa shi.

Situdiyo ɗaki ne da aka kashe wa amo da gangan, don haka sai an mayar masa. A 1947 Bill Putnam ya sa lasifika da makirfo a banɗakin situdiyonsa na Cikago ya ɗauki amon bangon. A 1957 kamfanin EMT na Jamus ya fito da wani faifan ƙarfe mai girman ƙofa da ake girgizawa da sauti. Amma abin da ya shiga hannun makaɗan jita shi ne sifirin. Kamfanin Hammond, mai ƙera molon coci na lantarki, shi ya fara amfani da dabarar: a tura sauti ta bakin wani dogon sifirin, ya yi ta kai da kawowa a cikinsa, a tare shi a ɗaya bakin. Leo Fender ya karɓi dabarar ya fitar da akwatinta daban a 1961, sannan a 1963 ya dasa ta cikin amfilifayoyinsa, ciki har da Deluxe Reverb mai wat 22 da Twin Reverb mai wat 85. Har yau idan aka ce amfilifaya irin ta da, yawanci waɗannan ake nufi, ko Vox AC30 da Marshall na Ingila.

A nan gardamar makaɗa take, kuma ita ce ta fi jan hankalina, domin ta shafi mai lasifikarmu kai tsaye. Wanne ya kamata ya riga wani, kaushi ko amo? A duniyar Allah murya takan tsage ne a maƙogwaro, sannan ɗaki ya amsa. Idan aka bi wannan tsari, jita ta shiga fedar kaushi, daga nan ta shiga ta amo, kowace ƙwayar sauti na fita da haƙoranta, jela kuma na bin ta a baya tana dushewa. Idan aka juya, aka sa amo a gaba, to kaushi bai san bambancin sauti da jelarsa ba. Ɗabi'arsa ce ya danne mai ƙarfi ya ɗaga mai rauni, don haka jelar da ya kamata ta mutu sai ta miƙe ta yi kafaɗa da sabon sautin da ke shigowa, komai ya cakuɗe. Matsalar tsohuwar amfilifaya ita ce ƙofa ɗaya gare ta, duk feda a gabanta take. Idan ita kanta ce ke tsagewa, to duk amon da aka zuba mata ya riga kaushi ke nan, ko an so ko ba a so ba. Sababbin amfilifayoyi suna da wata ƙofa a baya da ake shigar da amo bayan an gama tsaga sautin. Mai tsohuwa kuwa dabararsa ita ce ya bar ta a bakin gajiya kawai, feda ta yi aikin kaushi, amo ya zo a ƙarshen jeri kuma a zuba shi kamar gishiri.

Mai lasifikar Ketare, da takwarorinsa daga Kankara har Sabuwa, kullum a juye suke yi. Eko na cikin teburin makirfo, daga nan ya faɗa amfilifayar da aka murɗe fiye da ƙarfinta, ya fita ta ƙahon ƙarfe wanda ba ya ɗaukar ƙasan murya sam. A wurin kiɗa wannan na iya zama armashi. A wurin wa'azi ko sanarwar allurar rigakafi, ni dai ina ganin asara ce: sau nawa muka zauna a bayan taro muna jin malami na magana amma ba mu tsinci jimla ɗaya cikakkiya ba?

Kaushin kansa kuwa ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe. Makaɗanmu sun daɗe suna ƙara wa kayansu zuga da gangan. Ana ɗaura ɗan faifan ƙarfe mai zobba a kan wuyan garaya don kowace taɓawa ta zo da kyarma. Ana shimfiɗa tsirkiya a fuskar ganga don ta yi zizar da fata kaɗai ba za ta yi ba. Ka saurari kuntigin Ɗan Maraya Jos, ko gurmin Haruna Uji, ko kukumar Garba Supa, ka ji ko akwai sauti wankakke a ciki. Abin da Willie Kizart ya tsinta a kan hanyar Memfis, a nan gadonsa ake yi. A Kinshasa ma ƙungiyar Konono ta Mingiedi Mawangu ta ɗauko maganaɗisu daga tarkacen motoci ta haɗa wa kayan kiɗanta na gargajiya, tsagewar da ta biyo baya ta zama tambarinta, Turai ta yi ta mamaki da faifansu ya fita a 2004.

A Najeriya jita mai gurnani ta yi zamaninta bayan yaƙin basasa, amma a kudu. Samarin BLO da Funkees da Ofege, 'yan makarantar St. Gregory ta Legas da suka fitar da faifansu na farko a 1973, duk sun taka feda. Arewa ta samu irin su Bala Miller a Kaduna, masu ƙungiya da kayan Turawa suna waƙa da Hausa, sai dai abin bai yi jijiya a karkara ba.

Inda ya yi jijiya shi ne arewa da mu. Farin 1973 da na 1984 sun kashe dabbobin Abzinawa, samarinsu suka bazu Aljeriya da Libiya neman abin yi, har aka laƙaba musu ishumar, daga kalmar Faransanci mai nufin marar aiki. A cikinsu Ibrahim Ag Alhabib da abokansa suka kafa Tinariwen a Tamanrasset wajajen 1979. A ɓangaren Nijar, Abdallah Oumbadougou ne uban tafiyar. Waƙoƙinsu sun yi yawo a kaset daga hannu zuwa hannu a lokacin tawayen da ya ɓarke bayan kashe-kashen Cintabaradan na 1990, kuma mallakar irin wannan kaset kan iya jawo wa mutum fitina. Da aka sa hannu kan sulhu ranar 24 ga Afrilu 1995, jita ta fito daga ɓoye ta zama kayan biki a Agadas.

Yanayin bikin ne ya ƙera sautin. Fili ne buɗaɗɗe, babu bangon da zai amsa, ga jama'a na tafi da guɗa, ga ƙaramar amfilifaya mai tiransisto da ke shan wuta daga batir ko janareta. Makaɗi ba shi da zaɓi sai ya murɗe ta har ƙarshe. Amfilifaya mai ƙwai ba ta da wurin zama a nan: nauyi gare ta, tana buƙatar ɗaruruwan bolt a cikinta, gilashi ne da ba ya son kwazazzabai, kuma idan ƙwai ya mutu babu inda za a samo wani. Ko a duniya ma masana'antunsa 'yan kaɗan suka rage, a Rasha da Sulobakiya da Sin, shi ya sa farashinsa ya yi tashin gwauron zabi da yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022. Saboda haka kaushin Agadas busasshe ne, mai kaifi, irin wanda littattafan makaɗan Turai ke cewa a guje masa. Shi ne kuma Hisham Mayet na kamfanin Sublime Frequencies ya ɗauka a faifan Group Inerane na 2007 da na Bombino na 2009, masu saurare a Amurka suka rungume shi. Bombino, wanda tawayen 2007 ya kora zuwa Burkina Faso, ya dawo ya yi wasa a gaban babban masallacin Agadas a Janairun 2010. A 2012 yana Nashbil, garin da aka haifi fedar kaushi ta farko, yana ɗaukar kundin Nomad a situdiyon Dan Auerbach mai cike da tsofaffin kaya masu ƙwai. Kundinsa Deran na 2018 ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka tsayar takarar kyautar Grammy.

Sai Sakkwato. A 2008 wani saurayi bahago, Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar, ya tsallako iyaka ya shiga situdiyo a birnin Shehu. Yaro ne da ya fara da jitar da ya ƙera da kansa da wayar birkin keke. Abin da ya tarar a situdiyon shi ne abin da masana'antar finafinan Hausa ta gina tun daga shekarun 1990: fiyanon Yamaha, gangar inji, da manhajar Auto-Tune mai lanƙwasa murya. Ya rera da Tamashek a cikin wannan riga ta waƙar nanaye, aka samu kundin Anar. Bai shiga kanti ba. Ta Bluetooth da katin mimori ya ratsa Sahara, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci waƙa ɗaya a wayoyin mutanen Kidal ta Mali, ya sa ta a tarin da ya fitar a 2011, sannan ya yi cigiyar mai ita har ya same shi, ya kai masa jita ta bahago. Abin da ya biyo baya sananne ne: Afelan a 2013, wanda aka ɗauka a filin ƙauye da tsagewarsa, Ilana a 2019, sai Afrique Victime a 2021 a kamfanin Matador na Niyok, da jerin fedoji a gaban ƙafarsa da manyan amfilifayoyi a bayansa.

Wannan mahaɗa ta Sakkwato tana ci mini tuwo a ƙwarya. Daga ɗaki ɗaya hanya ta rabu biyu. Shi ya ɗauki abin da ya koya ya koma ga tsirkiya da yatsa. Mu muka zauna da fiyano, wanda mutum ɗaya ke danna shi ya fitar da kalangu da algaita da sarewa ba tare da ya biya makaɗi ko ɗaya ba. Ban raina waƙar fim ba. Ita ta raine mu, kuma ita ce ta ba Mdou Moctar ƙofar farko. Amma lissafin kuɗi ne ya zaɓa mana, ba kunne ba. Ga kuma tsohon kallon da ake yi wa kiɗa a matsayin sana'ar roƙo da ake gada, wanda ya sa ɗan malami ko ɗan ɗan kasuwa zai fi sakewa ya zauna gaban kwamfuta a kira shi furodusa da ya rataya abin kaɗawa a wuya. A yankinmu an ƙara mana da wani dalilin. Tun da 'yan bindiga suka hana dare zama dare, musamman bayan kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Kankara a Disambar 2020, biki ya koma na rana, a gaggauce, kowa ya watse kafin magariba. Makaɗi ba ya ƙwarewa a inda babu filin da zai kwana yana kaɗawa.

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Kankara da Faskari da Sabuwa. Watanni muka yi a haka. Samari suka koma wurin masu cajin waya ana tura musu waƙa a mimori, wato hanyar da Anar ya bi shekaru 13 kafin nan. A cikin wannan zama na je gida da Afrique Victime a wayata, na sami tsohon mai lasifikarmu a rumfarsa, ya bar zuwa biki ya koma gyaran rediyo da tocila. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, ga wani kiɗa daga Nijar, ina so ka ji." Ya kara wayar a kunne, ya saurara har inda jita ke ɓarkewa, ya ɗan yamutsa fuska. Na ba shi labarin Sakkwato, da na fedoji, da kuɗin da Turawa ke biya don su ji wannan sauti a manyan zaurukansu.

Ya miƙo mini wayar. "Yaron ya iya hannu," in ji shi. "Amma ka gaya masa, ɗana, takardar lasifikarsa ta yage. In ya kawo ta nan, da gam da ƙyalle zan liƙe masa ita."